Shin duk kalmomin Turanci na ɓarnar kuɗi almubazzaranci suke nufi?

Sabon_Tafinta
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina fassara wani dogon rubutu kan tattalin arziki daga Turanci zuwa Hausa, kuma a cikin shafi huɗu kacal na ci karo da kalmomi shida waɗanda duka na mayar da su almubazzaranci, wato "extravagant", "wasteful", "lavish", "profligate", "prodigal" da "squander". Da na sake karanta aikina sai na ji kamar marubucin yana ta nanata magana ɗaya, alhali a Turancin kowace jimla tana da irin nata nauyin. Ƙamus ɗin da ke hannuna bai fid da ni ba, domin yana fassara kowace ɗaya da 'yar'uwarta, in bi wannan ta kai ni waccan, in bi waccan ta dawo da ni inda na taso. Shin akwai bambanci na haƙiƙa a tsakaninsu, ko kuwa yawan kalmomi ne kawai?

Malam_Nahawu
Wa alaikumus salam. Akwai bambanci, kuma shawarata ita ce ka fara raba biyun farko, domin idan suka rabu sauran za su zo da sauƙi. Kalmar "extravagant" tana duban yawan abin da aka kashe ne, ita kuwa "wasteful" tana duban abin da aka samu bayan an kashe. Mutumin da ya ɗauki albashinsa na shekara guda ya sayi agogon hannu, agogon kuma ya yi masa aiki shekara talatin ba tare da ya tsaya ba, Bature zai ce masa "extravagant" saboda ya wuce iyakar ƙarfinsa, amma da wuya ya ce kuɗin sun tafi a banza. Wanda kuwa ya bar fitila tana ci a ɗakin da babu kowa dare da rana, ko ya sayi alƙalami goma masu araha waɗanda babu wanda ya yi rubutu a cikinsu, wannan "wasteful" ne ko da abin da ya salwanta bai taka kara ya karya ba.

Asalin kalmar ma yana nuna haka. "Extravagant" ta fito ne daga kalmomin Latin biyu, ɗaya tana nufin waje, ɗaya tana nufin yawo, wato abin da ya fita yawo ya ƙetare iyaka. Da farko an yi amfani da ita a kan wasu dokokin Fafaroma waɗanda suka kasance a wajen babban kundin dokokin coci, kuma sai a farkon ƙarni na 18 ta zauna a kan ma'anar kashe kuɗi fiye da kima. Shi ya sa har yau ake cewa alkawari ko da'awa "extravagant" ne idan an zuzuta shi fiye da hankali, ba tare da maganar kuɗi ta shigo ba.

Dalibar_Larabci
Malam, Allah ya ƙara basira. Bayaninka ya tuna mini da bambancin da malaman Larabci suke yi tsakanin israfi da tabziri. Israfi shi ne a kashe fiye da yadda ya kamata a kan abin da ya dace a kashe masa, tabziri kuwa shi ne a kashe a inda bai dace a kashe ba sam. Kalmarmu ta almubazzaranci daga ta biyun ta fito, kuma tushenta a Larabci yana da alaƙa da watsa iri. Ina ganin israfi ya fi kusa da "extravagant", almubazzaranci da ɓarna kuma sun fi kusa da "wasteful".

Mai_Tantama
Ina girmama bayanin Malam, amma ina ganin ana ɗora wa asalin kalmomi nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Mafi yawan masu rubutu da Turanci ba su san Latin ba, kuma an koya musu tun a makaranta su guji maimaita kalma ɗaya a sakin layi ɗaya. Ɗan jarida yakan rubuta "extravagant" a jimla ta farko, ya rubuta "lavish" a ta biyu don kawai kada ya maimaita, ba don ya auna wani bambanci ba. Idan ɗan'uwanmu mai tambaya ya tsaya neman ma'ana dabam ga kowace kalma, zai iya cusa wa marubucin abin da bai taɓa nufi ba.

Malam_Nahawu
Mai_Tantama, ka yi gaskiya cewa asali ba ya hukunta ma'anar yau, kuma na kawo shi ne don ya taimaka wa mai koyo ya riƙe. Sai dai akwai gwajin da ba ya buƙatar Latin, shi ne a duba kalmomin da kowace take tafiya da su. Ɗauki "lavish". Ana cewa "lavish praise" idan an kwarara wa mutum yabo, ana kuma amfani da ita a matsayin aikatau idan uwa ta zuba wa ɗanta kulawa. Mai masaukin da aka ce ya yi wa baƙinsa tarba "lavish" zai ji daɗi ya yi godiya, amma ka ce masa tarbarsa "wasteful" ce ka ga ko zai sake gayyatarka. Kalmar ta shigo ne daga tsohon Faransanci inda take nufin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, don haka yalwa ce a gabanta, zargin kuma yakan zo ne daga jimlar da aka sa ta. A wurare da yawa "ƙasaitacce" ko "na alfarma" ya fi dacewa da ita.

Hajiya_Akanta
Bari in kawo nawa daga ɓangaren aikin binciken kuɗi, inda kuskuren kalma ɗaya kan jawo wa mutum tuhuma. A Afirka ta Kudu, dokar kula da kuɗin gwamnati ta 1999 ta raba kashe-kashen da ba su dace ba gida uku. Akwai "unauthorised expenditure", wato a kashe fiye da abin da majalisa ta amince ko a kashe a kan abin da ba shi aka ware wa kuɗin ba. Akwai "irregular expenditure", wato a kashe ta hanyar da ta saɓa wa doka, kamar a ba da kwangila ba tare da bin ƙa'idar sayen kaya ba, ko da kuwa kayan sun iso lafiya kuma suna aiki. Sai na ukun, "fruitless and wasteful expenditure", wanda dokar ta bayyana da kuɗin da aka kashe a banza, waɗanda da an yi taka-tsantsan da ba a kashe su ba. Misalin da aka fi gani shi ne tara da kuɗin ruwa da ma'aikata ke biya saboda ta yi jinkirin biyan bashi.

Ku lura cewa "extravagant" ba ta cikin waɗannan ukun, kuma ina ganin dalili a fili yake: babu ma'aunin da mai bincike zai sa ya ce an wuce kima, amma yana iya nuna takarda ya ce an biya kaza kuma ba a samu komai ba. Wannan ya ƙarfafa rabon da Malam_Nahawu ya yi.

Uwar_Dalibai
Akwai kalmar da ba ta cikin jerin mai tambaya, amma ina roƙon a saka ta, domin ta taɓa jefa ni cikin damuwa sosai. Shekarun baya wata abokiyar aikina ta nemi in rubuta mata takardar shaida za ta nemi aikin ma'aji a wata ƙungiya. Mace ce mai tsimi da tanadi, wadda ba ta kashe kwabo sai ta rubuta shi a littafi. Na so in yaba wannan hali nata sai na rubuta cewa ita "spendthrift" ce, saboda na san "thrift" tattali ne, na ɗauka kalmar tana nufin mai kashewa da tattali. Allah ya taimake ni na ba wata malama ta duba kafin in sa hannu, ta ɗago kai ta tambaye ni ko mun yi faɗa ne da matar. Ta bayyana mini cewa a tsohon Turanci "thrift" na nufin dukiyar da aka tara, don haka "spendthrift" shi ne mai cinye abin da aka tara, wato almubazzari sak. Har yau idan na tuna cewa saura ƙiris in hana baiwar Allah aiki da hannuna, gabana yakan faɗi. Kalmomin da nake nema su ne "thrifty" ko "frugal".

Dan_Lauya
Uwar_Dalibai, ba ke kaɗai ba ce, har waɗanda aka haifa cikin harshen sukan faɗa wannan ramin. A dokar Amurka akwai abin da ake kira "spendthrift trust", wato amanar da mai dukiya ke kafawa ga magajin da yake tsoron zai tarwatsa gado, ta yadda za a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ba zai iya sayar da rabonsa ba, masu binsa bashi kuma ba za su iya taɓa abin da ke hannun mai riƙon amanar ba.

Amma abin da na fi so in ja hankalin Sabon_Tafinta a kai shi ne "squander". Na sha ganin an fassara ta da wawure ko yin sama da faɗi, kuma wannan kuskure ne mai haɗari. Wanda ya yi "squander" ya salwantar da dukiya ne ta hanyar wauta ko sakaci, ba lalle ne kwabo ya shiga aljihunsa ba. Wanda ya karkatar da kuɗin da aka ba shi amana zuwa aljihunsa, shi ake ce wa ya yi "embezzle" ko "misappropriate". Idan rahoton Turanci ya zargi shugaban kamfani da ɓarna, kai kuma ka rubuta da Hausa cewa ya wawure, ka kira shi ɓarawo ke nan da bakinka, kuma kotu ba za ta karɓi uzurin cewa fassara ka yi ba.

Mai_Kallon_Kwallo
Ƙari a kan maganar lauya, "squander" ba ta tsaya a kan kuɗi ba. Masu sharhin ƙwallon ƙafa suna faɗinta duk lokacin da ƙungiya ta ɓarar da damar cin ƙwallo, ko ta bari aka farke mata bayan tana gaba da ci biyu. Haka nan sukan ce 'yan gaba sun kasance "profligate" a bakin raga idan sun yi ta zubar da dama. A nan na fara fahimtar cewa kalmar tana ɗauke da takaicin abin da ya zo hannu aka bari ya kuɓuce.

Tsohon_Edita
Tunda an ambaci "profligate", bari in ce ita ce mafi nauyi a cikin shidan, kuma ita na fi jin tsoron fassarawa. Asalinta a Latin yana nufin a kayar ko a rushe, kuma kafin ta zama kalmar kuɗi ana amfani da ita ne a kan mutumin da ya lalace a ɗabi'a, mai bin son zuciya ba tare da kunya ba. Wannan warin bai rabu da ita ba. A yau an fi jin ta a kan gwamnatoci, kuma duk wanda ya zaɓe ta ya riga ya yanke hukunci.

Ku tuna rikicin bashin ƙasashen Turai masu amfani da Yuro, wanda ya tsananta daga 2010. Jaridun Turanci sun yi ta liƙa wannan kalma ga Girka, daga nan wasu suka shafa ta ga duk ƙasashen da suka shiga matsala. Alhali Sifaniya da Ailan suna da rarar kasafin kuɗi a shekarun da suka gabaci 2008, matsalarsu ta taso ne daga bankuna da rugujewar kasuwar gidaje. Kalma ɗaya ta sa mai karatu ya ɗauka duk laifinsu ɗaya ne. Saboda haka tafinta yana da nauyi biyu a kansa. Idan marubuci ya rubuta "profligate" kai ka ce ƙasar tana kashe kuɗi da yawa, ka rage masa zafi. Idan kuma ya rubuta "high spending" kawai kai ka ce almubazzaranci, ka sa masa hukuncin da bai yanke ba. A nan ne ban yarda da Mai_Tantama ba, domin editan kirki ba ya barin wannan kalma ta wuce don gudun maimaici kawai.

Mai_Tantama
Na karɓi gyara a kan "profligate" da "squander". Amma ina nan a kan bakana game da "lavish" da "extravagant" a rubutun jarida na yau da kullum.

Yar_Mawaka_Coci
Babu wanda ya taɓa "prodigal" tukuna, bari in gwada. Yawancin masu jin Turanci sun san ta ne daga misalin da ke cikin Luka sura 15, na ƙaramin ɗa da ya karɓi rabon gadonsa ya tafi ƙasa mai nisa ya ɓarnatar, sa'an nan ya dawo gida mahaifinsa ya karɓe shi da murna. Saboda labarin ya ƙare da dawowa, mutane da yawa sun ɗauka "prodigal" na nufin wanda ya ɓata ya dawo, har za ka ji an kira ɗan wasan da ya koma tsohuwar ƙungiyarsa da wannan suna ko da bai taɓa ɓarnatar da komai ba. Ainihin ma'anarta mai ɓarnar dukiya ce. Don haka sai ɗan'uwa ya duba jimlar da kyau, ya ga ko ɓarnar ake nufi ko dawowar. Kalma ce ta Turancin takarda, ba kasafai ake jin ta a hira ba.

Dalibi_A_Ingila
Malamai, duk kalmomin da aka tattauna na rubutu ne, amma a bakin mutane wasu nake ji dabam. A nan Ingila idan mutum ya kashe kuɗi masu yawa sau ɗaya don ya faranta wa kansa rai, sai ya ce ya yi "splash out", Amurkawa kuma sun fi cewa "splurge". Babu zargi mai nauyi a cikinsu, mutum da kansa yake faɗa yana murmushi. "Blow" kuwa ta fi zafi, ana faɗinta ga wanda ya cinye albashinsa kaf cikin kwana biyu, kuma ba a sa ta a rubutun hukuma. Wadda ta fi burge ni ita ce "fritter away", domin tana bayyana ɓarnar da ba a jin ƙararta, ɗan wannan yau ɗan wancan gobe, kamar tulu mai yoyo, sai ƙarshen wata mutum ya duba ya rasa abin da zai nuna. Ban san kalma ɗaya ta Hausa da ta kama wannan ba, sai dai a ce kuɗin sun zurare ko sun tsiyaye.

Mai_Son_Tarihi
A ƙasar da kake ɗin nan, a 1943 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar da ke ƙarfafa tanadi ta fito da zanen wani ƙwaro mai suna "Squander Bug", jikinsa cike da tambarin 'yan Nazi, yana raɗa wa masu sayayya su kashe kuɗinsu maimakon su ba gwamnati rance don yaƙi. Amurka ma ta ba harshen kalmominta na ɓarnar gwamnati. "Boondoggle" da farko sunan igiyar fata ce da yara 'yan sikawut ke saƙawa, sai a 1935 aka ji cewa ana kashe kuɗin tallafin marasa aiki a birnin New York wajen koyar da irin wannan saƙa, daga nan ta zama sunan duk aikin gwamnati mai cin kuɗi marar amfani. "White elephant" kuwa tana komawa ga labarin da ake bayarwa kan sarakunan Siyam, wato Tailan ta yau, cewa sukan ba bafaden da suke fushi da shi kyautar farar giwa, wadda ba a sa ta aiki, ba a kuma iya rabuwa da ita, har ciyar da ita ya talauta shi. Shi ya sa ake kiran katafaren ginin da kula da shi ya fi amfaninsa da wannan suna.

Hajiya_Akanta
Tarihin ya yi daɗi, amma kada mu yi nisa da tambayar. Gyara ɗaya nake so in ƙara wanda nake yawan yi wa ƙananan ma'aikata: "exorbitant" sifar farashi ce, ba ta mutum ba. Laifin yana kan mai sayarwa da ya tsawwala, don haka tsada ce mai wuce hankali. Ba a cewa mai saye "exorbitant" ne.

Mai_Nazarin_Zamantakewa
Akwai kuma kashe kuɗin da manufarsa ita ce a gani, kuma Turanci ya ware masa kalmominsa. "Ostentatious" tana bayyana abin da aka yi don nuna isa. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka Thorstein Veblen shi ya ƙirƙiro "conspicuous consumption" a 1899, yana bayanin yadda masu sabon arziki ke sayen abubuwa don tsadarsu ta shaida matsayinsu. A irin wannan, rashin amfanin abin shi ne amfaninsa a wurin mai shi, domin yana nuna cewa asarar ba ta dame shi ba. Ina ganin fankama da kece raini sun fi almubazzaranci kama wannan ma'ana, musamman da yake mai yin sa yana iya zama mai lissafi ƙwarai a sauran al'amuransa.

Sabon_Tafinta
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma kan shafukan huɗu na sake aiki. Inda aka ce "wasteful" na sa ɓarna, "extravagant" na sa wuce kima a wani wuri, israfi a wani wurin kamar yadda Dalibar_Larabci ta nuna. "Squander" ta zama salwantarwa, kuma na guji wawure, godiya ga Dan_Lauya. Na bar almubazzaranci ga "profligate" ita kaɗai don nauyinta ya fito. "Prodigal" da na duba ashe dawowa marubucin yake nufi, yana magana ne kan masu zuba jari da suka janye suka komo. Abin da ya rage mini shi ne "lavish" a jimlar da ke bayyana yadda wani kamfani ya kashe kuɗi a kan ofisoshin shugabanninsa alhali yana sallamar ma'aikata. A nan babu yabo ko kaɗan, don haka ƙasaita ba za ta yi ba. Na rasa tsakanin facaka da wadaƙa.

Tsohon_Edita
Ni facaka zan sa, domin tana ɗauke da rashin mutunta kuɗin, kuma jimlar zargi take yi.

Uwar_Dalibai
Ranka ya daɗe, ni kuwa wadaƙa ta fi kwanta mini. A kunnena wadaƙa tana nuna mutum ya samu abu a yalwace yana ɗiba yadda ya ga dama, wanda shi ne ruwan saman da Malam_Nahawu ya ce yana cikin asalin kalmar. Facaka ta fi kusa da "squander". Zargin kuma ba sai kalmar ta ɗauke shi ba, tunda maganar sallamar ma'aikata tana nan kusa da ita, mai karatu zai haɗa da kansa kamar yadda mai karanta Turancin ya haɗa.

Malam_Nahawu
Kafin in goyi bayan ɗaya, Sabon_Tafinta, ka kawo mana jimlar Turancin gaba ɗayanta da wadda ta gabace ta. Ina so in ga ko "lavish" tana sifanta ofisoshin ne ko kashe kuɗin, domin idan ofisoshin take sifantawa, wataƙila bushasha ce ma ta fi su duka biyun dacewa.